Ƙanena ya fasa salansar babur, ya ce don tsira da rai ne: da gaske ƙara tana kare mahayi?

Baban Khadija, daga wajen Taura

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san babur da hanya, don maganar ta tsaya mini a rai, kuma ba na so in tauye yaro a kan abin da wataƙila shi ne da gaskiya.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Gujungu. Bara da kaka, bayan an sayar da riɗi, ni da yayarmu muka haɗa kuɗi muka saya wa autanmu Boxer don ya samu abin yi. Yaro ne mai hankali, ba ya shaye-shaye, ba ya zaman majalisa. Ranar Lahadi yana jigilar mutane da kaya zuwa kasuwar Gujungu, wata Alhamis ɗin har Maigatari yakan kai masu awaki, sauran ranaku kuma yana kai-komo tsakanin ƙauyukanmu da bakin kwalta. Daga abin da yake samu ake cefanen gidan Inna, har ya fara tara na aure.

Gab da faɗuwar damina sai ya kai babur ɗin wajen mai walda, aka yanka salansar, aka zare abin da ke cikinta, aka mayar aka liƙe. Tun daga ranar, in ya buga shi da asuba unguwa kaf sai ta sani. Inna tana fama da hawan jini, barcinta ba ya nisa, da ya tayar sai ta zabura. Maƙwabcinmu na katanga ɗaya matarsa jego take yi. Shekaranjiya mai unguwa ya tare ni bayan la'asar, cikin mutunci ƙwarai, ya ce mutane sun kawo ƙorafi, in yi wa yaron magana tun kafin ta kai gaban dagaci.

Na kira shi na zaunar. Bai ɗaga mini murya ba. Cewa ya yi, "Yaya, wallahi ba don gayu na yi ba. Ka san hanyarmu in dawa ta yi tsawo, ba ka ganin abin da ke bayan kwana. Yara suna fitowa daga zaure a guje. A titin Gumel kuma masu mota ba su ɗauke mu mutane ba. Tun da na fasa ta, kowa yana jina tun daga nesa yana kaucewa." Na ce ina hon ɗinka? Ya ce batir ya daɗe da mutuwa, in ya danna sai dai ya yi ɗan gurnani. Ya kuma tuna mini abokinsa da wata mota ta kwashe bara a mararraba, wanda har yanzu da sanda yake tafiya, ya ce da babur ɗinsa na da ƙara da direban ya ji shi.

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta ɗaure ni. Idan da gaske ƙarar nan tana tsare ransa, zan je da kaina in ba mai unguwa da maƙwabta haƙuri, mu jure, don rai ya fi barci. Idan kuwa ba ta tsare komai, to daga albashina zan saya masa wata salansar, kuma dole ya sa. Masu babur, direbobi, makanikai, don Allah ku gaya mini abin da kuka gani da idonku.

Mai Jar Hula, Kafin Hausa

Wa alaikumus salam Malam. Ni ɗan acaɓa ne. A Kano na fara, da aka hana sana'ar a cikin birni a 2013 na dawo gida na ci gaba. Tawa salansar ma a fashe take, kuma ba zan ɓoye ba, ina bayan ƙanenka.

Wanda bai taɓa bin hanyar gona a watan Agusta da buhu biyu a baya ba, ba zai gane ba. Hanya ce ta ƙafa, faɗinta bai fi na amalanke ba, dawa da gero sun rufe hagu da dama sun fi ka tsawo, ƙasa kuma yashi ne. A cikin yashi ba a taka birki yadda aka ga dama, kana takawa da ƙarfi tayar gaba ta zame. Ba a kuma tafiya a hankali sosai, don babur zai nutse ya tsaya. To a irin wannan wurin me zai gaya wa mai keke, ko yarinya mai tallan nono, ko wani mai babur da ke tahowa, cewa ga ka nan? Ido ba ya aiki. Kunne ne kaɗai. Ni na sha shan kwana in tarar mutum ya riga ya raɓe cikin kunyar gona yana jirana in wuce, don ya ji ni tun ban iso ba. Wannan ba labari aka ba ni ba.

Za a ce a yi hon. Hon sai ka ga abu ko ka yi tsammaninsa kake dannawa. Ƙarar salansa kuwa tana aiki ko ka tuna ko ka manta, ko hannunka na fama da kan babur a cikin yashi. Kuma hon na waɗannan baburan, kowa ya sani, wata nawa yake yi?

Abin da ban yarda da shi ba shi ne na yaran da ke murɗa totur a tsaye a ƙofar gidan mutane, ko masu rakiyar amarya da ke jera babura goma suna tayar da gari da tsakar dare. Wannan rashin tarbiyya ne, kuma su suka ɓata mana suna. Ni in zan fita da asuba tura nawa nake yi har bayan masallaci kafin in buga, in na dawo da dare kuma tun daga bakin rijiya nake kashe shi in gangaro. Ka gaya wa ƙanenka ya yi haka, Inna ta samu barci, mai jego ta huta. Amma kar ka raba shi da abin da yake jin yana kare shi. Mu ne a kan hanya, mu ne kuma ake kwasa zuwa wajen mai ɗori.

Direban Haɗeja

Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Ni Sharon nake ja tsakanin Haɗeja da Kano, ta Gujungun taku nake bi. Bari in gaya maka abin da ke cikin mota, tun da ɗan'uwana Mai Jar Hula ya faɗi abin da ke kan babur.

Ba na jin ku. Wallahi ba na jin ku. Ina cikin tafiya, inji na ƙara, iska na bugun taga, taya na kuka a kan kwalta, rediyo a kunne, fasinjoji na musu a kan farashin shinkafa. In lokacin hunturu ne gilas a rufe. Babur mai fasasshiyar salansa yana bina a baya, in ban gan shi a madubi ba, ban san da shi ba. Sai ya zo daidai ƙofata, ko ma ya ɗan gota ni, sannan ƙarar ta daki kunnena gaba ɗaya. A lokacin me ta amfana? Sai ma tsoratarwa. Sabon direba in ta dake shi haka ba shiri yakan fizgi sitiyari, kuma bai san ta wane gefe abin yake ba.

Na mota ƙarama ke nan. Ka tambayi direban tifa ko tirela, wanda ke zaune a saman inji. Shi ko hon ɗin babur da ƙyar yake ji.

Game da abokin ƙanenka, Allah ya ba shi lafiya. Ban ga hatsarin ba, amma na san irinsa, don shi ne ya fi yawa a hanyar nan: mota za ta fito daga burji ta hau kwalta, ko za ta karya kwana ta shiga gidan mai, direba ya duba ya ga kamar ba kowa, ashe babur na tahowa. Abin da ke sa mu rasa ganinku shi ne babur siriri ne, mahayi ya sa kaya masu duhu, ba fitila, ga ƙura ko hazo, ga rana a ido da yamma. Da magariba kuwa abin ya fi muni, wasu ba sa kunna fitila sai duhu ya rufe, wasu wutar bayansu ta mutu tun tuni. Ni da za a ba ni zaɓi tsakanin mai ƙara da mai fitila a kunne, mai fitila nake gani tun yana nesa, shi nake ragewa domin sa.

Akwai kuma wanda ba a faɗa. Sau da yawa ina bayan irin waɗannan yaran ina danna hon ina so in wuce, ba sa ji, ƙarar kansu ta cika musu kunne, ga madubi sun cire. Sai ka ga yaro ya karyo cikin titi ba waiwaye. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali.

Abu Sadiƙ, Wudil

Ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma ina hawa babur kullum zuwa makaranta, don haka maganar ta shafe ni ta fuska biyu.

Abu na farko da ya kamata kowa ya tsaya ya duba: ina bakin salansa yake kallo? Baya. Mafi ƙarfin ƙarar can take tafiya, wajen waɗanda ka riga ka wuce. Shi ya sa direbanmu ya ce sai an gota shi yake ji. Hon kuwa a gaba aka ɗaura shi, gaba yake kallo, kuma da gangan aka yi muryarsa siririya mai kaifi, don kunnen mutum ya fi saurin gane inda irin wannan sautin ya fito. Ƙara mai kauri irin ta salansa tana ratsa katanga ta shiga ɗaki, amma da wuya ka nuna da yatsa ka ce daga nan take. Ga shi sauti a fili yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) duk lokacin da nisa ya ninka.

Wannan gardamar ba a wajenmu ta fara ba. A Amurka masu manyan babura sun daɗe suna cewa ƙara tana ceton rai. A can ne kuma aka yi binciken da har yau ake kafa hujja da shi: wani malami mai suna Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, shi da abokan aikinsa, suka bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, rahoton ya fito a 1981. Sun samu cewa kusan kashi uku cikin huɗu na haɗurran karo ne da wani abin hawa. A cikin irin waɗannan, a kashi biyu cikin uku, ɗaya direban ne ya shiga hannun mai babur, galibi don bai gan shi ba. Sannan fiye da kashi uku cikin huɗu na abubuwan da suka jawo hatsarin a gaban mahayin suke, ko tsaye ko ɗan gefe kaɗan. Lokacin da mahayi yake da shi na kaucewa kuwa bai cika daƙiƙa 2 ba. Hanyoyinsu ba irin namu ba ne, na yarda, amma ku duba ku gani in ba abin da direban Haɗeja ya bayyana ba ne. Hatsari na gaba, ƙara na baya.

Ku yi lissafi: mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Ko da direba ya ji ka kana mita 15 daga gare shi, ƙasa da daƙiƙa ɗaya ta rage ya gane mene ne, daga ina, ya kuma taka birki. Ba ta isa ba.

Ƙasashen da babur ya yi yawa ba ƙara suka bi ba, haske suka bi. Malesiya ta wajabta kunna fitilar babur da rana tun 1992. Indiya, inda kamfanin Bajaj mai Boxer yake, daga Afrilun 2017 ta ce duk sabon babur da za a sayar a ƙasar fitilarsa ta riƙa kamawa da an tayar da inji. Mu nan in ka kunna da rana, kowa sai ya riƙa yi maka alama da hannu wai ka manta da wuta. Ni na bar tawa a kunne, ina ɗaga musu hannu in wuce.

Amma kar a ce Mai Jar Hula ba shi da gaskiya ko kaɗan. Mai tafiya a ƙasa ba ya cikin gilas, kuma a hanyar gona ba wata hayaniya, don haka ji yana taimaka masa. Tarayyar Turai ma daga 2019 ta sa a riƙa sanya wa sababbin samfurin motocin lantarki na'urar da ke fitar da sauti in suna tafiya a hankali, don makafi da masu tafiya a ƙasa ba sa jin zuwansu. Sai dai sautin da aka nema kaɗan ne, bai wuce na motar fetur ba. To Boxer da salansarsa lafiya ƙalau ai ba shiru yake ba. A cikin dawa, inda ba abin da ke motsi sai tsuntsaye, ana jinsa da nisa. Abin da ake buƙata yana nan tun daga kamfani. Ƙarin da aka yi da walda, mutanen gida ne ke shan sa.

Maman Ummi, ma'aikaciyar lafiya a karkarar Ringim

Malam, ni ba babur na sani ba, mutanen da yake kawo mana na sani.

Ku masu gardama duk kun manta da mutum ɗaya: wadda ke zaune a baya. Matanmu a kan acaɓa suke zuwa awo da rigakafi, da goyo a bayansu. Ku duba inda kan jaririn nan yake, ku duba inda bakin salansa yake. Duk cikin waɗanda ke kan babur ɗin ba wanda ya kai shi kusa da ƙarar. Uwa takan sauko da yaro yana ta tsala kuka ta ce mini rana ce ta dame shi. Wani lokacin rana ce. Wani lokacin kuwa ni kaina tun daga cikin ɗakin awo na ji isowarsu.

Kunne ba ya ƙara lafiya da sabo. A ƙa'idar kare ma'aikata, ƙarar da ta kai desibel 85 awa 8 ne iyakarta a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin ji masu kama da gashi, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, ba allura ba ƙwaya. Kuma abin ba ya zuwa da ciwo, a hankali yake ci. Malam, ka tambayi ƙanenka: in ya kwanta da dare bayan kasuwar Lahadi, yana jin kunnensa na yin ɗiii? Yana ƙure ƙarar waya fiye da da? In ya ce e, to kunnen ya fara kokawa. Yaron da ko aure bai yi ba.

Sannan dabbobi. Ɗan'uwa Mai Jar Hula ya ce mutane na kaucewa. Mutum yana kaucewa, sa kuwa firgita yake yi. An taɓa kawo mana wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba, yana kan amalanken shanu ya ɗauko taki, wani mai irin wannan babur ya zo wucewa ya saki totur, salansa ta yi harbi. Shanun suka zabura suka yi cikin gona, yaron ya faɗo, taya ta bi ta kan ƙafarsa. Da na yaye zanen da aka naɗe ƙafar da shi, ƙashin ƙwauri ya karkace, fata ta buɗe, taki da yashi sun cika ciwon. Wankewa kawai muka iya yi muka ɗaure, muka ce a wuce da shi asibitin ƙashi na Dala. Mai babur ɗin bai ma san abin da ya bari a bayansa ba.

In tsira da rai ake nema, ni abin da nake gani yana raba mai tashi da wanda ba ya tashi shi ne kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta ta a farkon 2009, muka yi ta wasa da abin har ya shiririce. Ƙanenka yana da ita? Yana sawa?

Ta fuskar hukuma ma akwai dokar taƙaita hayaniya ta ƙasa tun 2009, a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, ko da yake ba wanda zai biyo ta ƙauye. Mu abin da ya fi kusa da mu shi ne haƙƙin maƙwabci, kuma kai malami ne, ka fi ni sanin girmansa. Mai jego da tsohuwa mai hawan jini ba su da inda za su gudu.

Mai Jar Hula, Kafin Hausa

Hajiya, maganar goyo ta shige ni, kuma Allah ya ba yaron nan lafiya. Ni in na hango shanu ko raƙumi tun daga nesa nake sassautawa in kama kuloci in wuce a hankali, duk mai hankali haka yake yi.

Malam Abu Sadiƙ, a kan kwalta na bar muku, direba ya fi ni sanin abin da yake ji a cikin motarsa. A cikin dawa dai ina nan a kan bakana. Wanda ya yi bincike a Amurka bai bi hanyar Kafin Hausa zuwa ƙauyenmu da damina ba.

Kuma in za a gyara, a gyara duka. A daina shanya barkono da shinkafa a kan titi. A daina tara tudun ƙasa a tsakiyar hanya ba alama, wai rage gudu, mutum ya zo da dare ya yi sama. A daina sakin yara ƙanana su kaɗai a bakin hanya ranar kasuwa. Kullum ɗan acaɓa ne mai laifi.

Baban Khadija, daga wajen Taura

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, ba shi da hular kwano, kuma zan yi masa tambayar kunnen yau da dare. Maganar Mai Jar Hula ta tura babur nesa da gidaje kafin a buga, daga gobe za a fara. Saura abu ɗaya: akwai bakanike a nan? Salansar da aka riga aka yanka tana gyaruwa, ko sai sabuwa? Kuma me ya sa hon ɗin baburan nan ba ya daɗewa?

Oga Bakanike, Gumel

Ga ni Malam. Tun ɗazu nake karantawa, hannuna ne duk baƙin mai.

Ta hon tukuna, don ita ce asalin matsalar ƙanenka. Ba hon ne ke mutuwa ba, batir ne. Irin waɗannan baburan da ƙafa ake buga su, to ko batir ya mutu inji zai tashi, shi ya sa yara ba sa kula da shi. Ruwansa ya ƙone ba a ƙara ba, ko kan waya ya yi tsatsa, ko fis ya tsinke, ko abin da ke yi masa caji ya lalace. Hon da sigina kuwa da batir suke aiki sosai. Sau da yawa in aka kawo mini, kankare kan waya kawai nake yi in ɗaure, hon ya dawo garau. A bayan hon ɗin ma akwai ɗan ƙaramin noti na saiti, in ya kwance murya takan dushe. A duba caji kafin a sayi sabon batir, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon.

Salansa kuma, ba bututu ba ne kawai. A cikinta akwai ɗakuna da bututu mai huji-huji, hayaƙi yana bi yana juyawa har ƙarfinsa ya ragu kafin ya fita. Kamfani ya auna ta ne tare da kafireto. In ka zare cikin, ka ɓata wannan awon: iska takan yi wa mai yawa, inji ya riƙa zafi fiye da ƙa'ida. Ka sa ya kwance fulogi ka duba bakinsa. Lafiyayye ruwan ƙasa-ƙasa yake, in ka gan shi fari fat to inji na cin wuta. Harbin nan da take yi tas-tas in an saki totur, man da bai ƙone ba ne ke kamawa a cikin bututu. In aka daɗe a haka bawul ɗin hayaƙi ne ke fara ƙonewa, daga nan sai buɗe inji. Yaran suna cewa babur ya ƙara gudu. Bai ƙara ba, kunnensu ne ya gaya musu haka. Inji mai cc 100 bai da wani ƙarfin da salansa ta ɓoye, sau da yawa ma jan da yake yi a ƙaramar giya, wanda ake buƙata a cikin yashi da lodi, shi ne ke raguwa. Sai yaro ya ƙara murɗawa, ga fetur yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023.

Ni abin da ya fi ba ni haushi, in an kawo mini irinsu ba na jin inji. Da kunne muke aiki. Ƙarar tafet daban, ta sarƙar cikin inji daban, ta boris daban. Mahayin ma da zai ji sabon sauti tun yana ƙarami ya kawo a gyara da kuɗi kaɗan, yanzu ba ya ji sai abu ya fashe. Kuma da kaka a kula, na ga wadda ke tofar da wuta da dare, ga mutane na ɗaura harawa da kara a baya.

Gyara: in mai waldan bai yar da cikin ba, a karɓo, a buɗe inda aka yanka a mayar a liƙe da kyau, kar a bar ko ƙaramin huji. Ba za ta koma kamar sabuwa ba amma za ta yi. In ya yar, kar a yarda a cusa mata soson ƙarfe ko tsumma, toshewa za ta yi inji ya shaƙe. A nemi ta Boxer ta asali, ko ta hannu ce, wajen masu sayar da kayan babur. Ka ɗaga ka ji nauyinta, ta asali tana da nauyi, jabu kuwa shafal take, ba ta shekara take huɗewa. A sa sabon gasket a wuyanta. Bayan an ɗaura a sake saita kafireto, a canja fulogi. In ya cire madubai a mayar, a duba kwan wutar baya da na birki.

Shi kuma ya koyi danna hon sau biyu gajeru kafin kowace kwanar da ba ya ganin bayanta, ya sauko giya ta biyu tun kafin ya shige ta. In kun zo Gumel ranar da zai wuce Maigatari, a fara da auna cajin, ba ya ɗaukar lokaci.